Kukis: Ɗan katin da zai iya tona asirin rashin lafiyarka

A wannan makon za mu ɗan ajiye maganar ƙwaya da allura, mu duba wani abu da ke cikin aljihun kowa. Duk mai amfani da babbar waya ya saba ganin wani ɗan akwati da ke faɗo masa a fuskar waya idan ya buɗe sabon shafin intanet, da dogon Turanci a ciki, ana tambayarsa ko ya amince da "kukis". Galibinmu ba ma karantawa. Dannawa kawai muke yi ya kauce, mu ci gaba da abin da ya kawo mu.

Idan labarin ƙwallo ka je karantawa, da sauƙi. To amma yanzu harkar lafiya ma ta koma cikin waya. A Legas da Abuja da Ibadan da Fatakwal, ɗakunan gwaji da asibitoci masu zaman kansu da dama sun rage cewa ka dawo gobe ka karɓi takarda. Lamba suke ba ka da kalmar sirri, ka shiga shafinsu ka ga sakamakonka. Kamfanonin inshorar lafiya ma haka suke yi. Akwai masu ganin likita ta intanet, akwai masu sayen magani a kawo musu har gida. Irin wannan shafi da ba ya buɗuwa sai ka sa suna da kalmar sirri, shi ɗalibai ke kira fotal, kamar na JAMB ko na makaranta. Kusan kowane fotal da kukis yake aiki, kuma idan na asibiti ne, abin da ke bayan ƙofarsa shi ne abin da mutum ya fi ƙin a sani.

Mu da ke tsaye a bayan kanta muna ganin irin ɗawainiyar da mutane ke yi da sirrinsu. Wani zai tsallake kemis uku na unguwarsu ya hau mota zuwa wata unguwa don kada idon sani ya gan shi. Wata za ta jira sai kowa ya fita, sannan ta matso ta rage murya. Wani kuma cewa zai yi a ɓare masa maganin daga kwali, a zuba a ambulan, a ƙulle a baƙar leda. Haƙƙinsu ne, kuma dokar aikinmu ta wajabta mana riƙe musu amana. Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ya sha duk wannan wahalar zai koma gida ya miƙa wa yaro waya ya yi wasa, alhali shafin ɗakin gwajin yana nan a buɗe.

Mene ne kuki?

A Turance sunan wani nau'in biskit ne, amma babu abin da ya haɗa wannan da ci. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka tuna katin asibiti. Ranar da ka fara zuwa, ana buɗe maka fayil a ajiye shi a ɗakin kati, kai kuma a ba ka ɗan ƙaramin kati mai lamba ka tafi da shi gida. Ba a rubuta ciwonka a jikin katin. Ranar da ka dawo, ma'aikacin ɗakin kati bai damu da fuskarka ba, lambar yake dubawa ya zaro fayil ɗinka daga cikin dubbai.

Kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet ta fi kowane ma'aikaci mantuwa. Yadda aka gina tsarin tun farko, duk lokacin da ka danna wani abu kallon baƙo take yi maka, ko da yanzun nan ka gama gaya mata sunanka. Da a haka aka bar abin, da sai ka riƙa sake rubuta kalmar sirri a kowane mataki. A 1994 wani matashin injiniya na kamfanin Netscape a Amurka, mai suna Lou Montulli, ya samo mafita. Idan ka shigo, sai kwamfutar shafin ta ba burauzarka, wato manhajar da kake buɗe intanet da ita irin su Chrome ko Opera ko Phoenix, wani ɗan guntun rubutu ta ajiye. Daga nan duk saƙon da burauzar za ta aika wa wannan shafi, sai ta haɗa da guntun rubutun, kamar mai miƙa kati ta taga. Wannan guntun rubutu shi ne kuki. Asalin abin da aka yi shi dominsa shi ne shagon intanet ya iya tuna kayan da mai saye ya zaɓa kafin ya kai ga biyan kuɗi.

Bari in wanke shi daga wasu zarge-zarge da nake ji. Kuki ba manhaja ba ne, ba kuma ƙwayar cutar kwamfuta ba ne. Ba ya buɗe hotunanka, ba ya sauraron kiran wayarka. Girmansa ba ya wuce kimanin kilobayit 4, bai ko kusa da nauyin hoto ɗaya ba, kuma galibi abin da ke ciki jerin haruffa ne da lambobi waɗanda ko ka gani ba za ka fahimci komai ba. Fayil ɗin yana can wurin masu shafin, kati kawai ke hannunka.

Wasu kukis ɗin na zama ɗaya ne, an yi su ne su mutu idan ka rufe burauza. Wasu kuma ana rubuta musu ranar ƙarewa kamar magani: wata uku, shekara ɗaya, ko fiye. Tun 2022 Chrome ba ya barin a sa wa kuki wa'adin da ya wuce kwana 400, sai dai shafin yana iya sabunta wa'adin duk lokacin da ka sake leƙawa.

Wanda ya riƙe kati shi ne mai fayil

Ga inda gizo ke saƙar. Da zarar ka sa kalmar sirri an ba ka kuki, fotal ba ya sake tambayarka kai wane ne. Kukin kawai yake gani. Ke uwargida, bai san ko yatsanki ne a kan wayar ba, ko na ɗanki, ko na abokiyar zamanki, ko na ƙanin miji da ya ari wayar zai yi kira. Duk wanda ya buɗe burauzar nan, a wurin fotal ke ce.

Mutane da yawa suna zaton idan sun koma baya, ko sun share shafin daga fuskar waya, sun fita ke nan. Ba su fita ba. Fita ita ce ka danna wurin da aka rubuta "Log out" ko "Sign out", domin shi ne ke gaya wa kwamfutar asibitin ta soke lambar da ta ba ka. Rufe shafi kawai tamkar ka bar asibiti ne ka mance katinka a kan benci. A waya ma abin ya fi muni, saboda burauzar waya ba ta cika rufuwa da gaske ba, laɓewa take yi a baya, don haka kukin da aka ce na zama ɗaya ne yana iya kwana, ya ƙara kwana. Fotal ɗin da aka gina da kyau yana korar mutum da kansa idan ya yi 'yan mintoci bai taɓa komai ba, kamar yadda manhajojin banki ke yi. Ba duka ne ke yin haka ba. Sai kuma ɗan akwatin nan na "Remember me" da ke ƙasan wurin sa kalmar sirri. Idan ka sa masa alama, kai da kanka ka nemi a ba ka kuki mai dogon wa'adi, wanda zai riƙa buɗe ƙofa makonni ba tare da an tambayi kowa komai ba.

Ɗauki misalin gwajin kafin aure, wanda yanzu ya zama ruwan dare. A Kano ma doka ce tun 2024, a nan kudu kuwa limamai da iyaye da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Saurayi ya yi gwaji, an turo masa lamba, ana son takarda a hannu, sai ya nufi shagon kafe na bakin titi, a Agege ne ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan. Sau da yawa ma ba shi ke zama a gaban kwamfutar ba. Yana tsaye yana karanto wa yaron shago lamba da kalmar sirri da ƙarfi, mutane suna jira a bayansa. An buga, ya biya, ya naɗe takarda ya tafi. Abin da ya bari a kwamfutar nan uku ne: kukin da ke riƙe da ƙofar a buɗe, kalmar sirrin idan yaron ya amsa wa burauza cewa ta adana, da kuma kwafin sakamakon da aka sauke kafin a buga. Wanda zai zauna bayansa ɗan unguwa ne, watakila ma ya san yarinyar.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne, sakamakon da ya fita ta ɓarauniyar hanya yana tafiya ne shi kaɗai, babu bayanin likita a tare da shi. Gwajin farko na HIV idan ya nuna alama, sai an tabbatar da wani gwajin kafin a ce mutum yana ɗauke da cutar. Wanda aka tabbatar yana da ita, idan ya riƙe magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jininsa, ba ya sa wa matarsa ta hanyar auratayya. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi da ake yi wa abokin zama. Mai rukunin jini AS lafiyarsa lau, abin da ake gudu shi ne ya haɗu da wata AS ɗin. Duk wannan bayani ne da ake yi a ɗakin likita cikin natsuwa. Mai tsegumi ba ya ɗauke da ko ɗaya. Kalma ɗaya yake ɗauka ya zaga da ita. Akwai dokar 2014 da ta hana nuna wa masu ɗauke da HIV wariya a Najeriya, amma babu dokar da ke mayar da auren da aka fasa, ko ta goge abin da unguwa ta riga ta ji.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce miji ya ɓoye wa matarsa cutar da zai iya sa mata ba, ko mata ta ɓoye wa mijinta. Wannan zalunci ne. Abin da nake cewa shi ne, labarin ya fito daga bakin mai shi, a lokacin da ya shirya, in da hali a gaban ma'aikacin lafiya. Matar da ke neman haihuwa shekara shida, ko mai shan maganin damuwa, ko yarinya mai farfaɗiya, su ya kamata su zaɓi wanda zai sani. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Haka zancen yake ga mai gyaran waya da ka bar wa waya a buɗe ka tafi sallah, da wayar da ka kai kasuwar Ikeja ka yi musaya ba ka goge komai ba. Akwai kuma manhajojin ɓarayi da ke shiga kwamfuta ta hanyar fayil na bogi ko manhajar sata, aikinsu shi ne kwashe kukis su tura wa mai su. Wanda ya samu kukin yana iya shiga asusunka ba tare da ya taɓa sanin kalmar sirrinka ba.

Baƙon da ke ba ka kati ba ka sani ba

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan kukin da shafin da ka ziyarta ya ba ka ne, kuma shi dole ne, idan babu shi fotal ba zai yi aiki ba. Akwai kashi na biyu, kuma a kansa ne akwatin nan ke neman amincewarka.

Shafin intanet da kake gani kamar abu ɗaya, a zahiri haɗe-haɗe ne. Rubutun daga kwamfutar asibitin yake zuwa, amma tallan da ke gefe daga wani kamfani ne, bidiyon daga wani, taswirar daga wani, sannan akwai wasu 'yan na'urorin ƙirga baƙi da ido ba ya gani. Kowanne daga cikin waɗannan kamfanoni yana iya ba burauzarka nasa katin. Kuma kamfanin talla ɗaya yana zaune a dubban shafuka. Ka ƙaddara wani dillali ne da ke da yara a ƙofar kowane shago a kasuwa. Ranar farko suka manna maka lamba a bayan riga. Daga nan duk shagon da ka shiga ana rubutawa: mai lamba kaza ya tsaya wurin masu maganin basir, ya tambayi kuɗin gwajin maniyyi, ya karanta bayani a kan ciwon suga. Ba su san sunanka ba a farko. Amma ranar da ka shiga Facebook ko Google da wannan burauzar, ko ka rubuta lambar wayarka a wani fom, haɗa lamba da suna ba wuya.

Shi ya sa za ka binciki wani magani da daddare, washegari tallansa ya riƙa binka duk inda ka leƙa. A cikin manhajojin waya wata lambar talla ce ta daban ke yin wannan aiki a madadin kuki, amma sakamakon ɗaya ne. A gidan da ake karɓa-karɓar waya, tallan da kansa ɗan tsegumi ne. Yaro yana kallon katun, sai ga tallan asibitin dashen ciki, ko na maganin ƙarfin maza, a gaban kakarsa.

Wannan ba zato ba ne. A watan Yunin 2022 wata kafar binciken ƙwaƙwaf ta Amurka mai suna The Markup ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na ƙasar, ta tarar 33 daga ciki suna ɗauke da na'urar bin sawu ta kamfanin Meta, mai Facebook, wadda ke tura bayani duk lokacin da mutum ya danna neman ganin likita. Ta kuma same ta a cikin fotal na marasa lafiya na rukunin asibitoci bakwai, wato a bayan kalmar sirri, inda mutum ya saki jiki yana ganin shi kaɗai ne da likitansa.

Wanda ya fi taɓa ni, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, shi ne na GoodRx, wani kamfanin Amurka da ke samar wa mutane rangwamen kuɗin magani. A watan Fabrairun 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da miƙa wa kamfanonin talla, ciki har da Facebook da Google, bayanan magungunan da mutane ke sha da cututtukan da ke damunsu, bayan ya yi musu alƙawarin ba zai yi haka ba. Ya amince ya biya tarar dala miliyan 1.5, kodayake bai amsa laifi ba. Wata guda bayan haka, BetterHelp, mai haɗa masu fama da damuwa da masu ba da shawara ta intanet, shi ma ya amince ya biya dala miliyan 7.8 a kan irin wannan zargi. Duk wanda ya san magani ya san cewa sunan ƙwaya kaɗai ya isa. Ka gaya mini mutum yana shan metformin, na san suga ne ya fi yiwuwa. Ka ce tenofovir, na san ko HIV ne ko ciwon hanta.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce. To kayan aikin iri ɗaya ne a ko'ina. Na'urorin ƙirga baƙi na Google da Meta kyauta ake ba da su, kuma mai gina shafi a Yaba ko Wuse da su yake aiki kamar takwaransa na can. Sau da yawa mai asibitin ma bai san an saka ba, yaron da ya gina masa shafin ne ya liƙa don a riƙa ganin yawan masu shigowa. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba da na'urar kyauta, bayanan masu shigowa ne ladansa.

Me doka ta ce?

Akwatin neman amincewar nan daga Turai ya samo asali. A 2009 Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta ce sai an nemi izinin mutum kafin a ajiye masa kukin da ba na dole ba, sannan babbar dokarta ta kare bayanai ta fara aiki a watan Mayun 2018. Kamfanoni suka bi, amma da wayo: maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙin amincewa kuwa sai ka tona shafi biyu ko uku. A farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin Google tarar yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, a kan wannan wayon kaɗai.

A nan gida, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin rashin lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta sa bayanin lafiya a jerin bayanai masu tsananin muhimmanci, tare da na addini da ƙabila. Ta ce yin shiru ko rashin yin komai ba amincewa ba ne. Ta ba ka damar tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka nemi a gyara ko a goge, ka kuma janye amincewar da ka bayar. Idan bayanin yaro ne, sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Idan an yi wa kamfani kutse irin wanda zai iya cutar da mutane, yana da awa 72 ya sanar da hukumar. A watan Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma yadda aka yi amfani da kukis yana cikin abubuwan da ta lissafa, kodayake bankin ya musanta cewa ya karya doka.

Dokar tana da kyau a takarda, kuma duk wanda aka yi wasa da bayanansa yana da damar kai ƙara ga hukumar. Sai dai doka tana bin kamfani ne. Ba za ta shigo falonka ta karɓe waya daga hannun ɗan shekara bakwai ba.

Abin da ke hannunka

Idan abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan shafi, to ka riƙa fita daga fotal na asibiti ko ɗakin gwaji da zarar ka gama, ko da wayarka ce, kuma kada ka taɓa sa alama a "Remember me" a na'urar da ba kai kaɗai ke taɓa ta ba. Wannan ya fi duk sauran.

Idan akwatin kukis ya fito, nemi "Reject all" ko wurin da aka ce na dole kaɗai. Shafin zai yi aiki yadda ya saba, domin kukin da ke riƙe maka ƙofa ba ya cikin waɗanda ka ƙi. Za ka iya ma rufe ƙofar gaba ɗaya daga cikin burauza. Firefox ya fara toshe kukis masu bin sawu da kansa tun 2019, Safari na wayar iPhone ya toshe na baƙin kamfanoni tun 2020. Chrome kuwa, wanda galibinmu ke amfani da shi, Google ya yi shekaru yana alƙawarin cire su, sai a watan Yulin 2024 ya janye. Ba abin mamaki ba ne, da talla yake ci. Don haka sai ka shiga saitin Chrome da kanka, ɓangaren sirri da tsaro, ka zaɓi toshe kukis na wasu kamfanoni. Aikin minti ɗaya ne. A wannan ɓangaren ne kuma ake share kukis da tarihin shafukan da aka buɗe. Kafin ka share, tabbatar kana tune da kalmomin sirrinka, domin sharewa za ta fitar da kai daga kusan duk inda ka shiga.

Akwai taga ta sirri, wadda Chrome ke kira Incognito. Amfaninta shi ne, idan ka rufe ta, kukis da tarihin wannan zama suna gogewa daga na'urar. Ita ta dace da duba sakamako a wayar aro, ko binciken wani ciwo da ba ka son tallansa ya biyo ka. Amma ka san iyakarta. Ba ta ɓoye ka daga shafin da ka shiga ko daga kamfanin da ke ba ka intanet, kuma duk fayil ɗin da ka sauke yana nan a wayar bayan ka rufe. Hoton fuskar waya da ka ɗauka ma yana nan cikin hotuna, tsakanin na biki da na suna, inda yara suka fi leƙawa.

Idan dole sai ka je kafe, zauna da kanka, ko ka rubuta kalmar sirrin da hannunka. Ka ce a buɗe taga ta sirri. Bayan an buga, ka fita daga fotal ɗin, a goge fayil ɗin da aka sauke a gaban idonka, a kuma zubar da kwandon shara na kwamfutar, domin abin da aka goge can yake komawa ya zauna. Idan ka isa gida ka canza kalmar sirrin. Wayar da za a sayar ko a bayar kyauta, a fita daga asusun Google sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wayar da yara ke wasa da ita kuwa, mafi sauƙi shi ne kada a buɗe shafin asibiti a cikinta sam.

Akwai kuma iyayenmu da ba su iya waya ba, waɗanda 'ya'ya ko jikoki ke duba musu sakamako. A zaɓi mutum ɗaya da tsohon ya yarda da shi, a wayarsa kaɗai za a riƙa shiga. Tura sakamakon Baba a zauren WhatsApp na dangi domin a yi masa addu'a, a fara tambayarsa tukuna.

Ga abokan aikina masu kemis da asibitoci da ɗakunan gwaji da suka buɗe shafi: ku kira wanda ya gina muku, ku tambaye shi waɗanne na'urorin ƙirga baƙi da na talla ya saka, kuma a waɗanne shafuka. Duk abin da ke bayan kalmar sirri, da fom ɗin neman ganin likita, da shafin odar magani, a cire su daga ciki. Ku ce ya saita fotal ɗin ya riƙa fitar da mutum da kansa bayan 'yan mintoci, ya kuma sa maɓallin fita a inda tsohuwa mai tabarau za ta gan shi ba tare da ta kira jikanta ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.